Shafukan bogi da bakin talaka: wa ke da ikon goge magana a intanet?

Mai Gudanarwa

Assalamu alaikum warahmatullah. Tun makon jiya ake ta ja-in-ja a zauren nan game da goge rubuce-rubuce da rufe shafuka da kamfanonin sada zumunta suke yi, amma maganar ta warwatsu, shi ya sa na ga ya dace a tattaro ta wuri guda. Tambayar ita ce: idan wata gwamnati, ta gida ko ta waje, ta zuba kuɗi ta buɗe shafukan bogi domin ta juya tunanin jama'a, wa ya kamata ya taka mata birki, kuma ta yaya za a yi hakan ba tare da an toshe bakin mutumin da yake faɗin ra'ayinsa tsakaninsa da Allah ba? Ina roƙon kowa ya zo da hujja, kuma a mutunta juna.

Tsohon Ɗan Jarida, Kaduna

Wa alaikumus salam. Ni ina ganin mu fara da abin da ya faru a gabanmu. A farkon watan Yunin 2021 kamfanin Twitter ya goge wani saƙo na Shugaba Muhammadu Buhari, wanda a ciki ya tuna da watanni 30 na yaƙin basasa, ya kuma ce za a yi wa masu tayar da fitina a kudu maso gabas magana da yaren da suke fahimta. Kamfanin ya ce saƙon ya saɓa wa ƙa'idojinsa. Kwana biyu bayan haka, ranar 4 ga wata, ministan yaɗa labarai Lai Mohammed ya sanar da dakatar da Twitter a Najeriya baki ɗaya, ministan shari'a Abubakar Malami kuma ya ba da umarnin a gurfanar da duk wanda ya saɓa wa haramcin. Ba a buɗe dandalin ba sai ranar 13 ga Janairun 2022, bayan kwana 222.

Abin da nake so a lura da shi shi ne girman abin da kowane ɓangare ya yi. Kamfani ya goge saƙo ɗaya na mutum ɗaya wanda yake da gidan talabijin na ƙasa da rediyon tarayya da masu magana da yawunsa. Gwamnati kuma ta rufe bakin miliyoyin mutane waɗanda ba su da wata kafa, har da 'yan kasuwar da ke tallar hajarsu a can da iyalan da ke cigiyar 'yan uwansu da aka sace. Duk wanda ya auna waɗannan biyu ya ce daidai suke, bai yi wa talaka adalci ba. A wurina hatsarin da ya fi girma ga 'yancin faɗin albarkacin baki har yanzu gwamnati ce, domin ita ce ke da 'yan sanda da gidan yari.

Barista, Abuja

Na gode, Baba. In ƙara da ɓangaren shari'a. Sashe na 39 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin riƙe ra'ayi da karɓar bayani da isar da shi. Sashe na 45 ya yarda a taƙaita wannan 'yanci saboda tsaro ko zaman lafiya ko kare haƙƙin wasu, amma da sharaɗin a yi hakan ta hanyar doka, kuma dokar ta kasance wadda za ta karɓu a ƙasar da ke bin dimokuraɗiyya. Sanarwar minista ba doka ba ce. A kan haka ne kotun ECOWAS ta yanke hukunci a watan Yulin 2022, a ƙarar da ƙungiyar SERAP da wasu suka shigar, cewa rufe Twitter ya saɓa wa Yarjejeniyar Afirka ta Haƙƙin Ɗan Adam, ta kuma umarci gwamnati kada ta sake.

Sai dai wannan kariya tana aiki ne tsakanin ɗan ƙasa da hukuma. Idan kamfanin da ke California ya rufe maka shafi, sashe na 39 ba zai yi maka wani amfani a aikace ba, saboda tun ranar da ka buɗe shafin ka amince da sharuɗɗansu, waɗanda mafi yawanmu ba mu taɓa karantawa ba.

Malama, Zariya

Barista, maganarka ta ƙarshe ita ce inda damuwata take, kuma da girmamawa nake cewa Baba ya sassauta wa kamfanonin nan fiye da yadda suka cancanta. Ban goyi bayan rufe Twitter ba ko na rana ɗaya. Amma wa ya zaɓi waɗannan mutane su zama alƙalan maganarmu? A watan Oktoban 2020, lokacin zanga-zangar EndSARS, Facebook da Instagram sun riƙa manna wa hotunan da suka shafi harbin Lekki alamar labarin ƙarya, daga baya suka ba da haƙuri suka ce na'urarsu ce ta yi kuskure. A daidai lokacin kuma shugaban Twitter na wancan zamani, Jack Dorsey, yana kira a fili a tallafa wa masu zanga-zangar. Kamfani ɗaya ya danne maganar, ɗayan ya ɗaga ta, kuma babu ɗan Najeriya ko ɗaya da aka tambaya a cikin shawarar biyun.

Sannan ga matsalar harshe. Takardun da Frances Haugen, tsohuwar ma'aikaciyar Facebook, ta fitar daga kamfanin a 2021 sun nuna cewa kashi 87 cikin ɗari na abin da kamfanin ya ware domin tantance labaran ƙarya Amurka aka ware wa, sauran duniya ta raba ragowar. Wanda bai san Hausa ba ta yaya zai bambance habaici da barazana, ko wa'azi mai zafi da ingiza jama'a su ɗauki makami? Ina ganin ana rufe shafin mai kawo rahoton harin 'yan bindiga saboda hoton da ya saka, alhali wanda ke kiran a gama da wata ƙabila da zaurance yana nan yana tara mabiya.

Ɗan Maraɗi

Ina gaida kowa. Mu a Nijar wannan magana ta farfagandar ƙasashen waje tana mana ciwo ta wata fuska da watakila 'yan uwa na Najeriya ba su ji ba. Tun kafin juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, da bayansa, duk wanda ya fito ya ce sojojin Faransa su bar ƙasarmu, sai jaridun Turai su ce Rasha ce ta hure masa kunne. Wannan raini ne. Mutumin Arlit da ya ga an kwashe shekara fiye da hamsin ana haƙar uranium a garinsu alhali yawancin ƙasar ba ta da lantarki, ba ya buƙatar wani shafin Facebook daga Mosko ya koya masa fushi. Haka wanda ya tuna abin da ya faru a Tera a watan Nuwamban 2021, lokacin da aka rasa rayuka wajen tare ayarin motocin sojojin Faransa.

Kuma a daina nuna kamar ɓangare ɗaya ne ke wannan aiki. A watan Disamban 2020 Facebook da kansa ya sanar da cewa ya rufe gungun shafukan bogi guda uku da ke aiki a Afirka, biyu masu alaƙa da Rasha, ɗaya kuma mai alaƙa da wasu mutane da ke da dangantaka da rundunar sojin Faransa. Na Faransar sun fi mayar da hankali kan Afirka ta Tsakiya da Mali, amma sun taɓo Nijar da Chadi da Burkina Faso. Suna shigar burtu a matsayin 'yan Afirka, suna ta musayar zargi da na Rashar, kowa yana kiran ɗan uwansa maƙaryaci, a kan ƙasashen da ba nasu ba.

Injiniya, Kano

Ɗan uwa na Maraɗi ya kawo misalin da nake so in yi bayani a kansa, domin a nan ne nake ganin bakin zaren yake. Lokacin da kamfani ya rufe irin waɗannan gungu, a ƙa'ida ba ra'ayin da suke yaɗawa ne dalili ba. Dalilin shi ne yaudara game da ko su wane ne. Masu binciken suna duba abubuwan da mu masu karatu ba ma gani: shafuka hamsin da aka buɗe cikin mako guda daga na'urori ƙalilan, shafin da ke cewa na matasan Bamako ne amma masu gudanar da shi suna wata nahiya, hotunan fuska da aka sato ko kwamfuta ta ƙirƙira, tallace-tallacen da aka biya da kuɗin wata ƙasa, da rubutu iri ɗaya da ke fitowa a wurare da yawa cikin minti guda.

Misali na kusa da mu shi ne na watan Mayun 2019, lokacin da Facebook ya rufe shafuka da asusu 265 masu alaƙa da wani kamfanin Isra'ila mai suna Archimedes Group, waɗanda suka kashe kusan dala dubu 800 a talla, suka tara mabiya kusan miliyan 2.8, suna shiga siyasar Najeriya da Nijar da Senegal da Togo da Angola da Tunisiya da sunan su 'yan ƙasa ne. A watan Oktoban shekarar kuma aka rufe masu alaƙa da Yevgeny Prigozhin, ɗan Rasha wanda a lokacin yake da kamfanin sojojin haya na Wagner, waɗanda suka shafi ƙasashe takwas, ciki har da Kamaru da Sudan da Libiya.

Saboda haka matsayina shi ne: a yaye wa mai shigar burtu rigarsa, a bar ra'ayi ya tsaya da ƙafarsa. Idan Faransa ko Rasha ko Amurka tana da abin faɗa mana, ta faɗa da sunanta, mu auna. Ɗan Arlit mai fushi da gaskiya kuwa babu wanda ke da hurumin taɓa shafinsa, ko da maganarsa ta zo daidai da abin da Mosko take so a ji.

Tsohon Ɗan Jarida, Kaduna

Injiniya, ka raba gardama a wani ɓangare. Amma ina da tambaya ga ɗana na Maraɗi, kuma da zuciya ɗaya nake yin ta. Na yarda fushin jama'a da Faransa ba shigo da shi aka yi ba. To amma mece ce makomar wanda yake da wani ra'ayin dabam a Yamai yau? An dakatar da kafafen Faransa RFI da France 24 mako guda bayan juyin mulki. An tsare 'yar jarida Samira Sabou a ƙarshen Satumban 2023. A watan Yunin 2024 an mayar da hukuncin ɗauri cikin dokar laifukan intanet kan ɓata suna da yaɗa bayanan da ake ganin za su tayar da hankali, bayan an cire shi a 2022. A watan Disamban 2024 kuma aka dakatar da BBC na wata uku, kafar da manomi a ƙauyen Dakoro yake kama ta da Hausa tun yana yaro. Wasu daga cikinsu an yi su ne da sunan yaƙi da farfagandar waje.

Ɗan Maraɗi

Baba, tambayarka tana kan hanya, kuma ba zan kare ɗaure ɗan jarida ba. Abin da zan ce shi ne ƙasar da ke cikin yaƙi da 'yan ta'adda a Tillaberi da Diffa tana da haƙƙin ta damu da rahoton da ke karya gwiwar sojojinta, kuma Turawa ma da yaƙin Ukraine ya ɓarke a 2022 ba su yi wata-wata ba suka haramta kafafen Rasha RT da Sputnik a ƙasashen Tarayyar Turai. Idan su sun yi, ya zama tsaron ƙasa, idan mu muka yi, ya zama kama-karya. Wannan ma'auni biyu ne yake sa mutanenmu ba sa sauraron nasihar da ke zuwa daga can. Amma a tsakaninmu, na fi son a ƙaryata rahoto da hujja a kan a rufe tashar, domin wanda aka hana jin BBC ba shiru yake zama ba, WhatsApp da TikTok yake komawa, inda babu edita kuma babu wanda za a kama da alhakin ƙarya.

Hajiya, Jos

Na daɗe ina karantawa ban sa baki ba. Injiniya, ƙa'idarka tana da kyau a takarda, amma ba ta isa ba, kuma mu mutanen Filato mun san dalili. A watan Yunin 2018, lokacin kashe-kashen yankin Gashish a Barikin Ladi, an riƙa yaɗa hotunan gawarwaki a Facebook ana cewa daga can suke. Binciken da BBC ta yi daga baya ya gano cewa wasu daga cikin hotunan ba su da alaƙa da rikicin, akwai ma wanda ba a Najeriya aka ɗauke shi ba, kuma 'yan sandan jihar sun ce hotunan sun taimaka wajen hura wutar ramuwar gayya da aka yi a kan matafiya. Waɗanda suka yaɗa su ba Rashawa ba ne, ba Faransawa ba ne, ba su ɓoye sunayensu ba. Mutane ne na gaske, da fuskokinsu na gaske, da yawansu ma sun yi imani gaskiya suke yaɗawa.

To idan aka ce sai mai shigar burtu kaɗai za a taɓa, wa zai cire wannan hoto kafin gari ya waye? A Habasha an kashe Farfesa Meareg Amare a Bahir Dar a watan Nuwamban 2021 bayan an wallafa hotonsa da unguwarsa a Facebook tare da zarge-zarge, ɗansa ya ce ya kai ƙorafi tun kafin kisan ba a cire ba, har ya kai kamfanin ƙara a Kenya. A Myanmar kamfanin da bakinsa ya amsa a 2018 cewa bai yi abin da ya kamata ba wajen hana amfani da dandalinsa a ingiza jama'a kan Musulmin Rohingya. Ni uwa ce, kuma idan aka ba ni zaɓi tsakanin a goge rubutu goma bisa kuskure da a bar guda ɗaya da zai sa a tare hanya a kashe matafiya, na san wanda zan zaɓa.

Barista, Abuja

Hajiya, Allah Ya jiƙan waɗanda aka rasa, Ya kiyaye gaba. Babu wata doka ta duniya da ta kare ingiza jama'a su yi kisa, hasali ma sashe na 20 na yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin jama'a da na siyasa ya wajabta wa ƙasashe su haramta shi. Wannan a cire shi nan take, ba a buƙatar muhawara. Inda nake jin tsoro shi ne kalmar "bisa kuskure", saboda a ƙasarmu kuskuren ba ya faɗawa kan kowa daidai, kan mai sukar gwamna yake faɗawa. Sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015 an rubuta shi ne da kalmomi masu faɗi kamar ɓata rai da cin fuska, aka yi ta kama 'yan jarida da shi, har kotun ECOWAS ta ce a gyara, aka yi masa kwaskwarima a 2024, amma kamen bai tsaya ba. Ƙudirin kafafen sada zumunta da Sanata Mohammed Sani Musa ya gabatar a 2019 kuwa da ya zama doka, da hukuma ce za ta riƙa yanke mene ne ƙarya.

Ku tuna da watan Agustan 2024. Da aka ga tutocin Rasha a zanga-zangar tsadar rayuwa a Kano da Kaduna, nan da nan magana ta koma kan hannun ƙasashen waje, aka kama telolin da ake zargi da ɗinka tutocin, ofishin jakadancin Rasha ya ce ba ruwansa. Ƙarshenta yara ƙanana ne aka gurfanar a kotun tarayya a Abuja a watan Nuwamba bisa tuhumar da ta haɗa da cin amanar ƙasa, wasunsu suka yanke jiki suka faɗi a gaban alƙali, sai da jama'a suka yi ca sannan Shugaba Tinubu ya ba da umarnin a sake su. Yunwar da ta fito da su titi kuwa ba a ƙasar waje aka ƙulla ta ba.

Malama, Zariya

Akwai kuma abin da muke ta kewayewa. Muna maganar Mosko da Paris, alhali mafi yawan shafukan bogin da ɗan Arewa ke cin karo da su kullum a cikin gida ake ɗaukar nauyinsu. Sojojin baka da muka sani a gidajen rediyon Kano su ne suka koma waya, bambancin kawai shi ne na rediyo ana jin muryarsa an san ubangidansa, na waya kuwa mutum ɗaya yana iya zama mutum talatin. Kafin zaɓen 2023 BBC ta fitar da bincike cewa jam'iyyu suna biyan masu tasiri a intanet a asirce domin su yaɗa ƙarya kan abokan hamayya. A Uganda kuma, ana dab da zaɓen Janairun 2021, Facebook ya rufe gungun asusun bogi da ya danganta da wani sashe na ma'aikatar sadarwar ƙasar, martanin gwamnatin Museveni shi ne ta toshe Facebook ɗin gaba ɗaya. Gwamnatin da take da nata shafukan bogi ba za a damƙa mata wuƙar yanke na wasu ba.

Ɗalibi, Sakkwato

Iyayena da malamaina, ina neman ƙarin haske. Idan gwamnati ba abin yarda ba ce, kamfani ma ba abin yarda ba ne, to a hannun wa za a bar aikin?

Injiniya, Kano

Ƙanena, kafin a kai ga wa za a ba, ka san cewa kamfanonin ma janye jiki suke yi. Bayan Elon Musk ya sayi Twitter a watan Oktoban 2022, an sallami kusan duk ma'aikatan ofishinsu ɗaya tilo na Afirka da ke Accra. Cibiyar Nairobi da kamfanin Sama ke gudanarwa, inda ake tace wa Facebook rubuce-rubuce cikin harsunan Afirka, ta daina aikin a 2023, ma'aikata fiye da 180 suka tafi kotu. A watan Janairun 2025 Mark Zuckerberg ya sanar da daina aiki da masu tantance labarai a Amurka. Abin da Hajiya take nema, wato mutum mai jin Hausa da zai ga ƙorafi cikin dare ya cire hoto, raguwa yake yi.

Abin da nake ganin za a iya tilasta musu da doka, ba tare da an ba minista ikon goge ra'ayi ba, shi ne bayyana gaskiya. Su faɗi yawan ma'aikatansu masu jin Hausa da Fulatanci da Kanuri. Su wallafa kowace buƙatar goge rubutu da gwamnati ta aika musu da abin da suka yi a kai. Duk tallar siyasa a ga wanda ya biya. Wanda aka rufe wa shafi a gaya masa dalili da harshen da yake ji, a ba shi damar ɗaukaka ƙara. Tarayyar Turai ta sa irin waɗannan sharuɗɗa a dokarta ta 2022, kuma tarar saɓa musu tana iya kaiwa kashi 6 cikin ɗari na cinikinsu na duniya.

Hajiya, Jos

Injiniya, na karɓi wannan, musamman maganar bayyana yawan masu jin harsunanmu. Amma Turai kasuwa ce da ba za su iya bari ba, mu kuwa kuɗin tallar da suke samu a wurinmu kaɗan ne, shi ya sa ƙasa ɗaya ba za ta iya tanƙwara su ba sai dai in Tarayyar Afirka ta yi magana da murya ɗaya. Sannan duk abin da ka lissafa ya shafi dandalin da ake gani a fili ne. Saƙon muryar da ke yawo a WhatsApp daga waya zuwa waya, wanda shi ne ya fi isa ga mutanenmu da ba sa karatu, kamfanin kansa ba ya iya jin abin da ke ciki. Barista, ina so ka yi mana bayani a kan wannan: mai gudanar da zaure irin wannan namu, idan aka turo saƙon da ke ingiza kisa ya gani ya bar shi, mene ne matsayinsa a dokar Najeriya?